Zafin bazara da hadarin farkon damina a Kano: Yadda suke haɗuwa da abin da ya kamata a sani

Bazara ita ce lokacin da ke tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, wato daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma a cikinta ne ƙasar Kano take ganin zafi mafi tsanani a shekara. A ƙarshenta ne kuma ake samun hadari mai tafe da iska mai kwashe rufi da karya bishiyoyi. A wajen masana yanayi waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya, domin zafin da ke hana mutane barci a Afrilu da Mayu shi ne yake haifar da hadarin da ke biyo bayansa.

Dalilin tsananin zafi

Birnin Kano yana zaune a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsayin kusan mita 480 sama da teku, babu wani tudu na a zo a gani sai Dala da Goron Dutse, kuma yana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓar teku. A watan Afrilu rana takan tsaya kusan tsakiyar ka, ƙurar hunturu ta ragu, ga shi babu gajimaren da zai tare ta. Saboda haka zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, wasu ranakun ma ya wuce haka.

A unguwannin da gini ya cika kamar Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku da Daurawa, akwai ƙarin dalili. Kwalta da bulon siminti da rufin kwano suna shan zafi da rana, su riƙa sakinsa a hankali da dare, shi ya sa ɗaki yakan kwana da zafi ko da waje ya ɗan sarara.

Inda hadari yake samo asali

Iska iri biyu ce take musayar iko da Afirka ta Yamma. Akwai busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke fitowa daga Sahara, wadda take kawo hunturu, akwai kuma iskar kudu maso yamma mai ɗauke da danshi daga Tekun Atilantika. Mahaɗar waɗannan iskoki tana matsowa arewa a hankali tun daga farkon shekara, tana ratsa Kano a wajajen Afrilu zuwa Mayu. Alamar isowarta ita ce zafi ya sauya hali, ya koma mai gumi da nauyi, mutum ya yi ta zufa amma jiki ba ya hucewa.

Idan ƙasa ta gasu da rana, wannan iska mai danshi takan tashi sama da sauri, ta haɗa gajimare mai tsayin fiye da kilomita 10. A cikinsa ne ake samun walƙiya da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan da ke gangarowa yakan ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya bushe tun bai iso ƙasa ba, sai iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta faɗo da ƙarfi, ta bazu a kan ƙasa. Wannan ita ce iska mai sanyi da jar ƙura da take riga ruwa isowa, kuma ita ce ta fi yin ɓarna. A farkon damina sama ba ta gama jiƙa ba, don haka ake yawan ganin iska mai yawa da ruwa kaɗan. Haka kuma yakan faru a ƙarshen damina, wajajen Satumba zuwa Oktoba.

Irin wannan hadari yakan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, yana tafiya daga gabas zuwa yamma. Abin da manoma suka daɗe da sani game da hadarin gabas ya yi daidai da binciken kimiyya, kuma mafi yawan ruwan da yankin Sahel yake samu daga irin waɗannan layuka ne. Ya fi tasowa da la'asar ko cikin dare.

Illar zafi ga jiki

Zafi mai danshi ya fi busasshen zafi haɗari, domin gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da kasala da fitsari kaɗan mai duhu. Idan zafin jiki ya kai digiri 40, mutum ya rikice ko ya suma, to rai yana cikin haɗari. Sai a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Tsofaffi da jarirai da masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda ko ciwon suga su ne suka fi shiga haɗari, sai masu aiki a rana kamar 'yan dako da leburori da direbobin Adaidaita Sahu. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, cikin azumin Ramadan, yankin Sahel ya fuskanci zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana sun danganta tsananinsa da ɗumamar yanayi. Lokacin rani da zafi shi ne kuma lokacin sanƙarau, cutar da ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya a 1996, kuma cunkoso a ɗaki maras iska yana taimaka mata wajen yaɗuwa.

Ɓarnar iska da ruwa

Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugun gini da shi yakan ninka sau huɗu. Iskar takan shiga ta ƙarƙashin bakin kwano ta ɗaga shi, musamman inda ba a ɗaure katakon rufi da bango ba, ko gara ta cinye shi. Allunan talla da farantan sola da rumfunan kasuwa da rassan darbejiya su ne suke fara faɗuwa, sai turakun lantarki. Ga ɗan kasuwa a Kasuwar Tarauni ko kasuwar waya ta Farm Centre, rufi ɗaya da ya yaye da dare ya isa ya cinye jarin shekaru.

Ruwan farko kuma yakan tarar da magudanai cike da leda da yashin rani, ga kududdufan da a da suke karɓar ruwa an cike da dama daga cikinsu an yi gini. Ambaliya mafi girma ta fi zuwa a watan Agusta, kamar yadda aka gani a 1988 lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, amma toshewar kwalbati tana iya shigar da ruwa shaguna tun a watan Yuni.

Matakan kariya

Watan Afrilu shi ne lokacin kiran kafinta ya duba ƙusoshi da katako, a sassabe rassan da suka rufa a kan gida ko waya, a yashe kwata, a ɗaga kayan shago daga ƙasa. Magabata sun kasance suna yaɓen soro da gyaran indararo tun kafin hadari ya haɗo.

Ƙarar tsawa tana tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin tazarar kilomita 10, sai a shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fito. Gindin bishiya da buɗaɗɗiyar rumfa ba mafaka ba ne. A cire kayan lantarki daga soket, a nisanci wayar wuta da ta faɗo ko da an ɗauke wuta. Kada a shigar da janareta ɗaki ko soro don gudun ruwa, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tare da hasashen kullum da gargaɗin zafi da iska. Hukumar NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha su ne suke kula da agajin gaggawa, lambar kiran gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112. Hasashe yana iya nuna ranar da hadari zai iya tasowa, amma ba ya iya tantance unguwar da iska za ta fi buga, don haka gyaran rufi da yashe magudana aiki ne da ya kamata kowane gida da kowane shago su kammala kafin watan Mayu ya raba.