Doris Miller: Mai Hidimar Abinci Da Ya Kama Bindiga

Ranar 7 ga Disamba, 1941, da sanyin safiya, jiragen saman Japan suka yi wa rundunar ruwan Amurka dirar mikiya a tashar Pearl Harbor da ke Hawai. Cikin jiragen ruwan da suka sha wuta har da West Virginia, inda wani baƙar fata ɗan shekara 22, Doris Miller, yake aiki. A zamanin nan, sojan ruwan Amurka ba su ɗaukar baƙar fata sai don hidimar abinci da wanki da shara.

Miller na cikin tattara kayan wanki aka buga ƙararrawa. Ya yi ta ɗaukar waɗanda suka ji rauni, ya kuma taimaka aka janye kyaftin ɗin jirgin, Mervyn Bennion, wanda ajali ya riska a ranar. Daga nan ya kama bindigar harbo jirgin sama, wadda ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta ɓarin wuta har harsashi ya ƙare.

To, a nan ne abin ya shafe mu, mu marubuta. Da hukuma ta fitar da jerin waɗanda za a yaba wa, sai aka ambaci wani baƙar fata kurum, ba suna. Jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ce ta bi diddigi har ta buga sunansa a watan Maris na 1942, ta kuma matsa lamba. Ranar 27 ga Mayu, 1942, Admiral Nimitz ya maƙala masa lambar Navy Cross, ya zama baƙar fata na farko da ya same ta. Amma babbar lamba, Medal of Honor, wadda aka ba Bennion, ba a ba shi ba.

Miller bai ga ƙarshen yaƙin ba. A watan Nuwamba na 1943 jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da jirginsu, Liscome Bay, ya halaka tare da mutum fiye da 600. A 2020 aka sanar za a sa sunansa ga wani katafaren jirgin yaƙi mai ɗaukar jiragen sama.

Jarumtar tasa ce, amma da alƙalami bai tashi tsaye ba, da ta nutse babu suna. Wannan aiki har gobe yana wuyanmu.