Burmi, 1903: Me Ya Kai Sarkin Musulmi Attahiru Bakin Gongola?

Idan watan Yuli ya zo ƙarshe, masu sha'awar tarihin yaƙe-yaƙe sukan tayar da zancen Burmi, wasu ma har su yi takakkiya zuwa can, a Ƙaramar Hukumar Funakaye ta Jihar Gombe, ba nisa da Bajoga da Ashaka. A nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama ranar 27 ga Yuli, 1903. Garin ya zama kufai, manoma na noma a kewayensa. Abin da maziyarci zai tarar shi ne kabarin Sarkin Musulmi, da kuma na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci harin. Da zarar an gama zagaye an samu inuwa an zauna, musu ɗaya ne ke tasowa: me ya kawo mutumin Sakkwato wannan wuri mai nisa, tawaye ya zo shiryawa ko wucewa yake yi?

Abin da ya gabata sananne ne. Attahiru ɗan Ahmadu Atiku ya hau gadon mulki a Oktoban 1902, bayan rasuwar Abdurrahman. Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka kashe Wazirin Kano Ahmadu a Kwatarkwashi, sannan ranar 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Dawaki da masu da takubba ba su iya kusantar bindiga mai ruwa ba. Kafin rana ta take an watse, sai 'yan tsiraru da suka kewaye tuta, wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har suka ƙare. Attahiru ya fita ya yi gabas. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a kan sarauta.

Daga nan ruwayoyi suka rabu biyu. A rahotannin Turawa, Attahiru tuɓaɓɓen sarki ne mai gudun tsira, wanda ya bi ƙauyuka yana zuga mutane, ya je ya haɗe da 'yan Mahadiyya don ya sake kunna wuta. Ba a rasa abin da suka dogara da shi ba. Burmi dai tungar Malam Jibril Gaini ce, wanda ya yi shekaru yana gagarar Sarkin Gombe kafin Turawa su kama shi a 1902 su kai shi Lakwaja, ya bar garin cike da mutanen da suka saba da faɗa. A cikin ayarin Attahiru kuma akwai waɗanda Turawa ke nema ruwa a jallo, musamman Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Ga Etsu Nupe Abubakar, ga Sarkin Misau Ahmadu, ga Futawan da Faransawa suka koro daga yamma. Baturen da ya kalli wannan jerin sunaye, dole gabansa ya faɗi.

Ni dai ruwaya ta biyu ta fi kwanta mini, wato hijira Attahiru ya yi. Shawarar barin ƙasa ba bayan Giginya aka fara ta ba. Tun kafin Turawa su iso, Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Wazirin Sakkwato yana cewa bai ga mafita ba sai a tashi gaba ɗaya. Daular Sakkwato ma da hijira aka kafa ta, lokacin da Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, kuma ya bar littafi sukutum kan wajabcinta. Mutanen wancan zamani sun taso da labarin cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi gabas ta tari Mahadi. Sannan a dubi waɗanda suka bi shi. Da ayarin ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, ƙauyuka suka riƙa tashi, maza da mata da yara, da shanu da jakuna da tukwane, ga damina na ƙaratowa an bar gonaki ba shuka. Wanda ya fita yaƙi ba ya goya jariri ya kora shanu a gaba. Makka suke nufi, Burmi kuwa zango ce a hanya, kusa da Dutsen Bima da aka daɗe ana danganta shi da bayyanar Mahadi.

A ganina wannan tashin talakawa shi ne abin da ya fi tsorata Turawa. Sun ci birane, sun naɗa sarakuna, sai ga mutanen da za a mulka suna bin wanda aka tuɓe. Me sabon sarki zai yi da ƙasar da babu masu noma, babu masu biyan haraji? Shi ya sa aka tura rundunoni suka riƙa bin sawunsa, suna tare hanya, suna tarwatsa na baya. Lugga ya tafi hutu Ingila, William Wallace ke riƙe da mulki, amma manufar ba ta sauya ba: kada a bar shi ya zauna, kada kuma a bar shi ya wuce da jama'a.

Kada a ɗauka fifita wannan ruwaya zargi ne ga waɗanda suka zauna. Wazirin Sakkwato Buhari ya koma birnin ne bayan ya shawarci malamai, don kada a bar marasa ƙarfi babu mai tsaya musu, kuma ya rubuta hujjarsa. Kowane ɓangare da littafi a hannunsa ya yanke shawara.

An gwabza sau biyu a Burmi, kuma na farkon ne aka fi mantawa. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya zo da sojojinsa yana zaton zai shiga kai tsaye. Mutanen gari suka yi masa ruwan kibau, ya juya Bauchi da majinyata da dama. Wannan kaye ya ƙara wa Burmi kwarjini, ya kuma sa Turawa suka ɗau fiye da wata biyu suna tara sojoji da igwa.

Ranar 27 ga Yuli aka buɗe wuta tun da hantsi. Igwa ta yi ta dukan ganuwa da ƙofa, amma shiga ta yi wuya. Marsh da kansa ya matso bakin ganuwa, kibiya mai dafi ta same shi, bai daɗe ba ya cika. Da aka kutsa ciki, faɗan ya koma gida-gida, lungu-lungu, har rana ta yi gora. Fiye da mutum 600 suka mutu a ɓangaren masu kare gari. An tarar da gawar Sarkin Musulmi, kewaye da ita gawarwakin mutanensa kusan 90. Ɗan Yamusa ma a nan ya faɗi. Akwai wani abu da masu ziyara ba su cika son tsayawa a kansa ba, alhali ya kamata a faɗa: Turawan da ke wurin 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Waɗanda suka riƙe bindigogin 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausawa, suna jin kabbarar da ake yi a cikin ganuwa da harshen da suka sani.

Hijirar ba ta mutu a Burmi ba, kuma wannan ma hujja ce. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya gabas, suka shafe shekaru a hanya kafin su sauka a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, jikokinsu na nan suna riƙe da sarautarsu. Alfa Hashim na Futawa ya kai har Madina, can ya zauna yana karantarwa. Tutar Attahiru kuwa ta yi shekara 57 a hannun sojoji, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato, aka damƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.