Idan injin tsohuwar akori-kura ya yawaita misin: ta ina za a fara bincike?

Duk wanda ya saba bin hanyar bakin teku daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Baguida da Aneho ya san motocin da ke riƙe da ƙananan 'yan kasuwa: tsofaffin Toyota Hilux da 'yan Peugeot 504 masu tamfol da suka rage, ɗauke da siminti, gawayi, ko ragunan da aka sayo a Agoè-Zongo. Ciwon da ya fi addabarsu shi ne wanda makanikai ke kira misin. Inji ya riƙa rawa, ƙarfi ya ragu, salansa na fitar da tari-tari, mai kuma na tafiya kamar ana zubar da shi. Masu jin Faransanci kan ce inji na tafiya da ƙafa uku, kuma sun yi gaskiya: cikin silinda huɗu, ɗaya ta daina ƙona mai, ko tana ƙonawa tana fashi.

Abubuwa uku silinda ke buƙata a injin fetur: wuta a kan lokaci, mai da iska daidai gwargwado, da matsi. In ɗaya ya yi rauni, misin ya zo. Abin da aka saba yi shi ne a canza fulogi, wanda a nan muka fi sani da buji. Mota ta lafa mako ɗaya ko biyu, sannan ciwo ya dawo. Dalili kuwa, sau da yawa bujin ba shi ne mai laifi ba. Wani abu ne ke ɓata shi, sabo kuma yakan ɓoye matsalar na 'yan kwanaki kafin shi ma ya mutu.

Yaushe take yi?

Wannan ce tambayar farko, kuma direba ya fi bakanike sanin amsarta. In da safe ne, musamman bayan ruwan sama, sannan ta daina idan inji ya yi zafi, a fara duba wayoyin buji da murfin dalko, wato tukunyar da ke rarraba wuta. Motar da ke kwana a Baguida tana shan raɓa da iskar teku mai gishiri, kuma 'yar tsaga a murfin nan ta isa wuta ta sulale ta bi wata hanya. Da daddare a buɗe bonet inji na aiki. Wayar da ke yoyo takan nuna shuɗin tartsatsi.

In kuwa sai an yi lodi ko an kama hawa, kamar tuddan yankin Kara a hanyar Cinkassé, to wuta ce ba ta da ƙarfi, ko mai ba ya isowa: bobin, fanfon mai, ko matatar mai da ta toshe. Misin da ke fitowa a silo kawai ya ɓace da an taka totur yakan nuna iska na kutsawa ta tsagaggen tiyo, ko bawul ba ya rufewa da kyau. Wanda ya fara jim kaɗan bayan an sha mai, a tuhumi man. Fetur na kwalba da ake kira boudè ba duka ne mara kyau ba, amma babu mai tabbatar maka da jarkokin da ya ratsa. A tsiyayi kaɗan daga tanki a kwalba mai haske, a ajiye. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa.

Wace silinda ce?

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da ƙananan motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambar P0301 na nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. P0300 kuwa na nufin misin na yawo, sai a nemi abin da silindojin suka yi tarayya a kai, kamar mai ko iska. Lambar tana faɗin wurin ciwo ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya.

Tsofaffi masu kafireta, irin Hilux mai injin 22R ko 4Y, ba su da wannan soket. A nan sai a bar inji a silo, a riƙa zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. Wadda aka zare inji ya ƙara rawa, silindarta na aiki. Wadda aka zare bai ko ji ba, ita ce matacciyar.

Daga nan sai gwajin da a ganina ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko dala: musaya. A ɗauke bujin matacciyar silinda a kai wata mai lafiya. In misin ya bi shi, an kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, a musanya waya ko bobin, sannan nozul. Abu ɗaya a kowane zagaye. Nakan gaya wa ɗalibaina haka a aji: wanda ya canza abu uku lokaci guda, ko gwajin ya yi kyau bai san dalili ba. Kayan gwanjo da ake samu a kusa da tashar jiragen ruwa suna da sauƙin kuɗi, shi ya sa ake saurin saye kafin a gwada.

Bujin da aka cire kada a yar, a karanta shi. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa ko matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Baƙi mai danƙo, baƙin mai na hawowa ta ringi ko robar bawul. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran na da datti, ruwan lagireto na shiga ta gasket ɗin kan inji.

In wuta da mai duk lafiya, saura matsi. Ana ɗaura ma'auni a ramin buji, inji da ɗumi, totur a buɗe. Bambanci tsakanin silindoji bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai a sake aunawa: in matsi ya tashi ringi ne, in bai motsa ba bawul ne ko gasket. Kafin a kwance kan inji a auna tazarar bawul. A 22R milimita 0.20 ne na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi, inji da zafi. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama daram, kuma in aka bar shi ƙonewa yake.

Masu gas, irin injin 2L, 3L da 5L, ba su da bujin tartsatsi. A nan ana sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya a saurari inji. Kada a gwada wannan a kan sababbin D-4D, domin matsin man cikinsu ya haura bar 1,000, yana iya huda fata.

Ci gaba da tuƙi da misin yana da tsada. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man bangon silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi da bangon su ci juna. A motoci masu matatar hayaƙi a salansa, can yake zuwa ya ƙone har ya narkar da ita. In fitilar inji a gaban direba ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa a kunne, wannan gargaɗin take yi: a rage gudu, a sauke lodi in da hali, a nufi gareji mafi kusa.