Labarin lakkwal a Nijar: abin da aka rubuta da abin da ya tsaya a baki

Wanda ya nemi rubuta tarihin makarantun boko na Nijar zai iske takardu iri biyu: rahotannin masu duba makarantu da ƙididdigar ma'aikatar ilimi, sa'an nan labaran jaridu. Kusan dukansu da Faransanci aka rubuta su. Amma yaron da ya shiga lakkwal a Tasawa, ko Ƙonni, ko Magarya, in ya koma gida da maraice, da Hausa yake gaya wa uwarsa abin da mushe ya yi musu a ranar, da wanda aka buga, da wanda ya gudu. Wannan shi ne labarin makaranta na yau da kullum, kuma shi ne wanda ba ya cikin takardun.

Asalin abin tun zamanin mulkin mallaka yake. Dokar makaranta ta hana yaro yin harshen gidansu, kuma hanyar tsare dokar ita ce sambol: ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa wanda aka ji yana Hausa, shi kuma ya yi ta saurare har ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a hannunsa shi ke shan hukunci. Al'adar ba ta tafi tare da Turawa a 1960 ba, ta daɗe a azuzuwa da yawa. A lokacin samun ƴanci kuwa, yaran da ke lakkwal ba su kai biyar cikin ɗari ba na waɗanda suka isa shiga. Ashe ke nan mutane kaɗan ne ke iya rubuta labarin, kuma an riga an koya musu cewa harshen da suke ba da shi bai cancanci alƙalami ba.

Duk da haka Hausa ta riƙe shaida ta hanyarta. Kalmomin da ta ara daga Faransanci suna nuna abin da ya shiga zancen gida: lakkwal, mushe, kaye, ardwaz, sartifika, birebe, bak. Ɗalibin Kano, wanda ya aro nasa daga Ingilishi, ba zai gane rabinsu ba. Mai nazarin harshe yana iya karanta tarihi a cikin wannan jeri: kayan aji da sunayen jarrabawa su ne suka fara zama a bakin iyayen da ba su taɓa shiga aji ba, domin su ne ake saye, su ne kuma ake jira.

Talabijin na makaranta da aka fara a 1964 da taimakon Faransa ya ja hankalin masana na waje, an kuwa yi rubutu mai yawa a kansa, amma darussansa da Faransanci suke. Canji na gaske ya zo a 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da rubutu da Hausa bisa ƙa'idojin da suka samo tushe daga taron Bamako na 1966. A shekarar nan kuma cibiyar ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1971 ta zama jami'a. Abdou Moumouni, wanda jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992, tun a littafinsa na 1964 kan tarbiyya a Afirka ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Jami'ar kuwa ta ci gaba da aikinta da Faransanci, har takardun da ɗalibai ke liƙawa a bango.

A nan ne asarar ta fi fitowa fili. Rayuwar jami'a ta kullum ba ta wuce jiran kuɗin tallafi, da layin gidan abinci, da motar da ke kai ɗalibai, da cunkoson ɗakunan kwana ba. Ƙungiyar ɗalibai ta USN a kan irin waɗannan abubuwa take tara jama'a. Jaridar gwamnati, wadda ta koma Le Sahel a 1974, da gidan rediyon ƙasa, bikin buɗe makarantu da sakamakon jarrabawa suka fi kawowa. Sauran labari sai a bakin ɗaliban da suka zo hutu, da direbobin tasha, da majalisun shayi. Saboda haka ranar 9 ga Fabrairu 1990, da jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy, aka kashe uku bisa lissafin hukuma, mai karanta takardu kaɗai zai ɗauka abin daga sama ya faɗo. Ba haka ba ne. Ɗaliban sun fito ne a kan tsuke kuɗin ilimi da shirin gyaran tattalin arziki ya kawo, kuma sun daɗe suna jin tsukewar a kwanon abinci kafin su hau gada. Abin da ya biyo baya sananne ne: jaridar Haské mai zaman kanta ta fito a 1990, Shugaba Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa, aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin malamin tarihi André Salifou, ɗalibai na cikin masu kujera. Babbar rana ta shiga littafi. Ƙananan ranakun da suka haife ta ba su shiga ba.

Mu ma masu bincike muna da laifi. Tun da aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda ta zama CELHTO, na'urar ɗaukar magana ta fi zuwa fada da gidajen maroƙa. Aiki ne mai daraja, ba mu raina shi ba. Sai dai an ɗauka cewa tarihin baka na sarakuna ne, boko kuwa ya riga ya rubuta kansa.

Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa sun tsaya da ƙafarsu a 2010, kundin 2025 kuma ya sanya Hausa harshen ƙasa. Masu tsara yaƙi da jahilci kullum kukansu rashin abin karantawa ne ga wanda ya gama koyo, alhali ga labarin da kowane gida ke da hannu a ciki. Yaran da suka shiga ajin gwaji na Damagaram a 1973 sun doshi shekara 60, ɗaliban 1990 ma haka, malamansu kuwa sun fara ƙaranci. Su ya kamata a fara ɗauka, a rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, ba tare da an goge kalmomin aro ba, a kuma sa gari da shekara a kan kowace hira.