Tantance nau'in rubutu da kwamfuta

Tantance nau'in rubutu da kwamfuta fanni ne na kimiyyar sarrafa harshe, inda ake horar da manhaja ta karanta matani ta faɗi ko rahoton jarida ne, ko talla, ko wa'azi, ko dokar hukuma, ko ƙagaggen labari. Ya bambanta da tantance jigo. Batun noman shinkafa, alal misali, jigo ɗaya ne, amma yana iya zuwa a rahoto, ko a waƙa, ko a takardar gargaɗi ga manoma.

Jussi Karlgren da Douglass Cutting na cikin waɗanda suka fara gwada aikin da Turanci a 1994, ta hanyar ƙirga abubuwa irin su tsawon jimla da yawan wakilin suna. A 1995 Douglas Biber ya kwatanta salon harsuna huɗu, ciki har da Somaliyanci. Fitowar XLM-RoBERTa a 2019, wadda aka horar da harsuna 100 har da Hausa, ta sa ana iya koya wa manhaja da misalan wani harshe ta yi aiki a kan wani. Sai dai ayyukan da suka shafi Hausa, kamar MasakhaNEWS na 2023 mai harsuna 16, sun fi karkata ga jigon labarai.

Tamale, babban birnin Yankin Arewa na Ghana, ta isa misalin wahalar aikin. Dagbanci ne harshen gari, kuma ba ya cikin waɗancan harsuna 100, ko da yake ya samu Wikipedia tasa a 2021. Hausar zangon Ghana kuwa ba ta kula da bambancin jinsin namiji da mace kamar ta Kano, saboda haka manhajar da ta saba da daidaitacciyar Hausa tana iya tuntuɓe a kanta. Ga kuma ajami: Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariya ya kuma rasu a 2004, ya rubuta waƙoƙin wa'azi da Dagbanci cikin haruffan Larabci.

Babbar matsalar ita ce rukunan nau'in rubutun kansu, domin yawancinsu an tsara su ne bisa rubutun Turai da Amurka. Kirari, da tatsuniya, da tarihin sarakunan Dagbon, ƙasar masu jin Dagbanci, da makaɗan da ake kira lunsi ke rerawa ba su da gurbi a ciki, sai a jefa su rukunin "sauransu". Gyara wannan na buƙatar masu harshen su ware matanoni da hannu, su sa musu sunayen da aka san su da su a gida.