Yadda Dodannin Beowulf Suka Tsira Daga Gobara da Raini

A watan Oktoban 1731 gobara ta tashi a gidan Ashburnham da ke Landan, inda aka adana tarin littattafan Robert Cotton. Cikin abin da aka tsamo akwai wani kundi na fata da wuta ta lashe gefensa. A ciki ne kwafin waƙar Beowulf yake, wanda aka rubuta da tsohon Turanci wajen shekara ta 1000, kuma babu na biyunsa a duniya. Da ya ƙone, da an rasa ɗaya daga cikin tushen littattafan dodanni da barade da ake rububinsu a yau.

Waƙar mai layi 3,182 labarin faɗa uku take bayarwa. Wani dodo mai suna Grendel, wanda mawaƙin ya ce daga zuriyar Ƙabila ɗan Adamu ya fito, ya shekara 12 yana cinye mayaƙan Sarki Hrothgar na Denmark a zauren fadarsa. Saurayi Beowulf ya ƙetaro teku, ya fizge masa hannu ba tare da makami ba. Uwar dodon ta zo ɗaukar fansa, ya bi ta har ƙarƙashin tafki ya kashe ta. Bayan ya yi shekara 50 yana sarauta, wani bawa ya saci kofin zinariya daga taskar wani ƙaton maciji mai aman wuta. Tsohon sarki ya fita tare da jarumansa, duk suka tsere in ban da Wiglaf. Macijin ya mutu, Beowulf ma ya mutu.

An fara buga waƙar a 1815, amma fiye da ƙarni guda masana suka ɗauke ta ma'adinin tarihi: suna haƙo sunayen sarakuna da ƙabilu da tsofaffin kalmomi, suna jin kunyar dodannin. A ganinsu, mawaƙi mai basira ya ɓata ƙwazonsa kan tatsuniyar yara.

Wanda ya rushe wannan ra'ayi shi ne J.R.R. Tolkien, farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford, a wata lacca da ya gabatar ranar 25 ga Nuwamba, 1936. Hujjarsa ita ce, da Beowulf da mutane kaɗai ya yi yaƙi, da labarin bai wuce rikicin wata ƙabila da maƙwabtanta ba. Dodannin ne suka mayar da shi labarin kowane ɗan Adam, wanda yake tsayawa gaban abin da ya fi ƙarfinsa alhali ya san mutuwa ce ƙarshensa. Tolkien ya san abin da yake faɗa: ya halarci yaƙin Somme a 1916, shekarar da manyan aminansa biyu suka rasu a fagen fama.

Shekara guda bayan laccar ya fitar da The Hobbit, inda Bilbo ya saci kofi daga taskar macijin Smaug, kamar dai bawan nan. The Lord of the Rings ya biyo baya a 1954 da 1955, kuma a cikinsa babban abin tsoro ya koma zuciyar jarumi, domin zoben mulki yakan lalata duk wanda ya riƙe shi. Marubuta na baya suka ƙara matsa tambayar. A 1971 Ba'amurke John Gardner ya rubuta Grendel, ya bai wa dodon baki ya faɗi labarin ta ɓangarensa. A 1986 Andrzej Sapkowski na ƙasar Poland ya ƙirƙiro Geralt, maharbin dodanni da ake biya lada, wanda sau da yawa yake tarar da cewa masu ɗaukarsa aiki sun fi dodon mugunta.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara da yaƙi da Turawa kafin ya kai jaruminsa ƙasar aljannu.

Ga mai son shiga wannan adabi, bin tarihinsa ya fi alfanu. A fara da Beowulf a fassarar Seamus Heaney ta 1999. Don sanin barade masu sulke da kwalkwali, sai Le Morte d'Arthur na Thomas Malory, wanda Caxton ya buga a 1485, inda cin amana tsakanin baraden kansu ya rushe daular Sarki Arthur. Daga nan Tolkien, sannan Gardner da Sapkowski. Wanda ya bi wannan jeri zai ga dodon yana matsowa sannu a hankali, daga bayan ganuwa zuwa cikin fada, har ya zauna a kan karagar mulki.