Daga Makuba Zuwa Siminti Mai Launi: Tarihin Daɓen Ɗakunanmu

'Yan'uwa mata, tunda bana bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu ya sa muna waiwaye, bari mu waiwayi abin da muke takawa kullum ba ma lura da shi, wato daɓen ɗaki.

A ƙasar Hausa gini na maza ne, amma daɓe na mata ne. Idan magina sun gama, musamman in ɗakin amarya ne, sai uwar gida ta aika a gaya wa maƙwabta da dangi. A baje jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, su yi ta bugu hannu ɗaya, wata na ba da waƙa saura na amshi. Ba a biyan kowa ko anini. Mai ɗaki dai ta tanadi abinci da goro, ran da aka zo na wata ita ma ta je. Gayya ke nan, kuma ai ba ta da wani bambanci da adashen da muke yi yau, sai dai su ƙarfi suke zubawa, mu kuɗi.

Sirrin aikin yana ga makuba. Kun san ɗorawa ba ta da abin yarwa: garin a sha, kalwa a yi daddawa, ɓawon kuma a daka a jiƙa har ruwan ya yi duhu. Wannan ruwa ake yayyafa wa daɓe ana ƙara bugu. Sinadarin da ke cikin ɓawon, irin wanda ke cikin bagaruwar majema ne, yana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, sai daɓen ya ƙanƙame, ya yi ja mai duhu, yana ƙyalli. Launin ba shafe ba ne, ya ratsa cikin ƙasar, shi ya sa shara ba ta kankare shi. Iyayenmu ba su shiga aji ba, amma wallahi wannan kimiyya ce.

Sai siminti ya zo. Masana'antar farko a Najeriya ita ce ta Nkalagu, 1957. A Arewa ta Kalambaina da ke Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Tsakanin nan, a 1975, jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas, kuɗin mai ya sa kowa gini. Siminti ya fi daɓe jure ruwa, wannan ba gardama, amma tokatoka ne, ba fasali. Don haka magina suka riƙa gauraya jar hoda a shafen ƙarshe, irin jan ƙasan nan da ake gani a tsofaffin ofisoshi da gidajen ma'aikata. Daga baya leda ta rufe shi, sai kafet, sai tayil.

Abin da ya ɓace a hanya shi ne hannun mata. Aikin da muke yi wa juna kyauta ya koma na birkila, sai an biya, waƙoƙin kuma suka tafi tare da madaɓi.

Yanzu a Amurka da wasu ƙasashe rina siminti ya zama ado. Ana barin sabon siminti ya yi kamar kwana 28, a wanke shi tas, sannan a fesa masa ruwa mai ɗan asid da gishirin ƙarfe. Ruwan ya haɗu da sinadarin cikin simintin, launin tsatsa ko na ƙasa-ƙasa ya fito, a wanke, a shafa mai ƙyalli a kai. Dabarar dai kamar ta makuba: launi ya shiga ciki, ba ya tsaya a sama ba. Sai dai wannan yana ƙuna, dole a sa safar hannu, a buɗe tagogi, a kau da yara.

Har yanzu a cikin iyayenmu na wannan ƙungiya ba za a rasa masu sanin yadda ake jiƙa makuba da yawan bugun da daɓe ke so ba. Ku tambaye su ranar taro, ku zo da 'ya'yanku mata su ji.